Famfon da ke tura mai da gas da ruwa a haɗe: yadda ake zaɓarsa da girka shi da kula da shi

Rijiyar mai ba ta fitar da mai zalla. Abin da ke hawowa daga ƙarƙashin ƙasa cakuɗe ne: ɗanyen mai, iskar gas, ruwan gishiri, wani lokaci har da yashi. Tsarin da aka saba tun da can shi ne a kafa tashar rarrabewa kusa da rijiyoyin, mai ya bi famfonsa, gas ya bi kwamfuresa, wato injin matse gas, ruwa kuma a san yadda za a yi da shi. Inda babu kuɗin kwamfuresa da bututun gas sai a cinna wa gas ɗin wuta, kuma wannan ce wutar da mutanen yankin Neja Delta suka shafe gomman shekaru suna kwana suna tashi da ita. Famfon haɗaka, wanda ma'aikata ke kira maltifes, wata dabara ya kawo: kada a raba komai a bakin rijiya, a tura cakuɗen yadda ya zo ta bututu ɗaya zuwa babbar tasha, can a raba.

Wannan jagora ga injiniya ko ƙaramin ma'aikacin da aka damƙa wa irin wannan aiki ne a karon farko. Abin da zai fi yi masa amfani tun daga farko shi ne ya san cewa duk da mai ake nema, gas ne ke yanke girman famfon, da ƙarfin injinsa, da tsawon ransa.

Mataki na farko: tabbatar famfon ne maganin

Famfon haɗaka ba ya jawo mai daga ƙasan rijiya. Aikinsa shi ne rage matsin da ke danne bakin rijiya. Idan bututun da ke zuwa tasha yana da tsawo, ko tankin rarrabewa yana aiki a matsi mai yawa, rijiyar da ta fara tsufa sai ta riƙa kokawa da wannan matsi har ta yi shiru. Da famfo ya ɗauke mata nauyin, sai ta ci gaba da bayarwa. Haka nan idan rijiya mai ƙarfi da mai rauni sun haɗa bututu, mai ƙarfin kan danne 'yar'uwarta, kuma famfo a layin mai raunin yakan warware matsalar.

Amma idan rijiya ta mutu ne saboda matsin ƙasa ya gaza ɗago ruwan zuwa sama, famfon da ke bisa ƙasa ba zai tashe ta ba. Wannan aikin famfon cikin rijiya ne, ko a riƙa tura mata gas don sauƙaƙa nauyin abin da ke cikin bututunta. Idan kuma kusan duk abin da ke fitowa gas ne da ɗan feshin ruwa, kwamfuresar jiƙaƙƙen gas ake so. Saboda haka ka zauna da injiniyan rijiya, ya lissafa maka ganga nawa za a ƙara samu idan an sauke matsin da bar 10, da bar 20, da bar 30 (bar ma'aunin matsi ne, bar ɗaya kusan daidai yake da matsin iskar da muke shaƙa). In ƙarin bai biya kuɗin famfo da wutarsa ba, a bar maganar nan. Kada ka manta famfon haɗaka ya fi cin wuta a kan famfo daban da kwamfuresa daban. Ribarsa tana wajen kayan da ya sa ba a saya ba: tankin rarrabewa, bututu na biyu, hasumiyar ƙona gas, da ma'aikatan da za su zauna a daji suna tsaron su.

Mataki na biyu: lissafin gas, inda aka fi faɗuwa

Rahoton rijiya yana ba da gas ne a ma'aunin sarari, wato yadda zai kumbura a matsin iskar da muke shaƙa. Famfo kuwa yana haɗiye gas ɗin ne a matsin da ke bakinsa. Dole ka mayar da wancan adadi zuwa wannan, ka gano kason gas a cikin dukan abin da ke shiga famfon. Shi ne abin da takardun masu ƙera famfo ke taƙaitawa da GVF.

Ga misali da alƙaluman da na tsara don koyo. A ce rukunin rijiyoyi na ba da gangar mai 2,000 da gangar ruwa 3,000 a rana, jimla 5,000. Kowace gangar mai na tahowa da kubik ƙafa 500 na gas, wato kubik ƙafa miliyan ɗaya a rana. Kana so matsin bakin famfo ya zama bar 10, zafin cakuɗen kuma digiri 50 ne.

Gas yana ƙanƙancewa daidai da matsin da aka ɗora masa, yana kuma kumbura da zafi. Sai ka raba miliyan ɗayan nan gida goma, ka ƙara kusan kashi 12 cikin ɗari saboda zafi, ka samu kimanin kubik ƙafa 112,000. Ganga ɗaya, mai cin lita 159, daidai take da kubik ƙafa 5.615. Da ka raba, gas ɗin ya koma kimanin ganga 20,000. Ke nan famfon da aka kira na ganga 5,000, a gaskiya ganga 25,000 zai haɗiye kullum, kuma kashi 80 cikin ɗari gas ne. Man da ake ta wannan wahala dominsa kashi 8 ne kacal.

Yanzu a ce shugabanka ya ga ribar sauke matsi ya ce a kai shi bar 5. Ruwa da mai ba su canza ba, amma gas ya ninka ya kai ganga 40,000. Jimla ta zama 45,000, kason gas ya haura zuwa 89. Bar biyar kawai aka rage, famfon ya kusa ninka girma. Wannan kuwa tun kafin a saka ƙarin man da rijiyoyin za su bayar, wanda shi ma da nasa gas zai zo.

Wuta ma haka. Ga famfo mai sukuru, wanda za mu gani a mataki na uku, akwai lissafi mai sauƙi: kubik mita a sa'a, sau bambancin matsi a bar, a raba da 36, ya ba ka kilowat. Ganga 25,000 a rana kimanin kubik mita 166 ne a sa'a. Idan bututun gaba yana neman bar 30, bambancin bar 20 ne, sai ka samu kilowat 92. A lissafi na biyu kubik mita 300 ne da bambancin bar 25, wato sama da kilowat 200. Kuma wannan ƙarfin tura cakuɗen ne kaɗai, injin da za a saya sai ya fi haka.

Wani ɗan tarko: gejin da ke jikin bututu yana fara ƙirga ne daga matsin iska, shi ya sa yake nuna sifili in an buɗe shi a sarari. Lissafin gas kuwa cikakken matsi yake so, don haka ka ƙara bar ɗaya a kan abin da allura ta nuna. A matsin bar 60 mantuwar ba ta da wani tasiri, amma a matsin bar 4 ta isa ta karkatar da lissafin da kashi ɗaya cikin biyar.

Kada ka tsaya a kan alƙaluman yau. Ka nemi hasashen shekara biyar ko goma, domin yawanci ruwa ƙaruwa yake yi, matsi yana sauka, kason gas yana sauyawa. Ka haɗa da kaurin man, yawan yashi, gishirin ruwan, da ko akwai iskar H2S mai guba ko ta CO2, waɗanda ke cin ƙarfe. Ka kuma tambayi masu tsaron rijiyoyin yadda cakuɗen ke isowa, don su suka fi kowa sani. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban famfon unguwa lokacin da aka dawo da ruwa bayan ɗaukewa ya san abin: iska ta yi ta huci, sai ruwa ya bugo da ƙarfi, sai iska kuma. Haka bututun rijiya yake yi, sai dai a nan iskar za ta iya ɗaukar mintoci da yawa, curin ruwan kuma ya yi tsawon ɗaruruwan mitoci. Matsakaicin kashi 80 yana iya nufin kashi 100 yanzu, sifili an jima. Tsawon lokacin da gas zalla ke zuwa shi ne adadi mafi tsada a takardarka.

Mataki na uku: wane iri

Manyan iri biyu ne suka riƙe kasuwa.

Na farko mai tagwayen sukuru. Sanduna biyu ne masu zare da ke juyawa cikin juna ba tare da sun taɓa juna ba, giyoyi a waje na riƙe musu tazara. Kowane zagaye yana kulle wani awo na cakuɗen tsakanin zarurruka ya kai shi gaba, ko gas ne ko ruwa. A mafi yawan ƙira cakuɗen yana rabuwa biyu, ya shiga ta gefuna ya fito ta tsakiya, don tunkuɗar ɓangarorin biyu ta kashe juna. Kamfanonin Jamus biyu, Bornemann da Leistritz, sun yi suna a kansa. Yana son mai mai kauri, yana jure ƙarancin matsi a bakinsa, yana ɗaukar gas har sama da kashi 95. Rauninsa yana cikin siririyar tazarar da ke tsakanin sukuru da bango. Ruwa ne ke toshe tazarar nan kada gas ya zille baya, ruwa ne kuma ke kwashe zafi. In ya bushe, ƙarfe ya yi zafi ya kumbura ya gogi ƙarfe. In yashi ya cinye tazarar, ƙarfin famfon ya riƙa zubewa a hankali.

Na biyu mai farfela, wanda ake kira heliko-aksiyal. Jerin farfeloli ne a sanda ɗaya masu juyawa dubban zagaye a minti, an lanƙwasa fukafukansu yadda gas da ruwa ba za su rabu a ciki ba. Farfelar famfon ruwa ta yau da kullum da ta sami gas kaɗan sai ta wurga ruwa gefe, gas ya taru a tsakiya, ta ci gaba da juyawa a banza. Wannan ciwo ne shirin Poseidon ya tashi magancewa a 1984, haɗin gwiwar cibiyar binciken man fetur ta Faransa IFP da kamfanonin Total da Statoil, daga baya Framo na Norway da Sulzer na Suwizalan suka riƙa ƙerawa. Irinsa ne kamfanin Shell ya saukar ƙarƙashin teku a filin Draugen na Norway a 1994, kuma har yau shi ya fi yawa a ƙasan teku, domin ƙarami ne a jiki ga ɗaukar kaya mai yawa. Tazararsa ta fi faɗi, ya fi haƙuri da yashi. Sai dai matsin da yake samarwa ya dogara da nauyin abin da ke cikinsa, don haka in gas ya yi yawa ga ƙarancin matsi a baki, ƙarfinsa faɗuwa yake yi. Mai mai kauri ma ba abokinsa ba ne.

Akwai na uku, mai sukuru ɗaya cikin roba, ƙirar Bafaranshe René Moineau ta 1930. Yana da kyau ga ƙaramin aiki mai kaurin mai da yashi, amma robar ba ta yafe bushewa.

A ganina, ga 'yan rijiyoyi a tudu masu ƙarancin matsi da gas mai yawa, mai tagwayen sukuru ne wurin fara dubawa. Ga kaya mai yawa, mai mara kauri, da matsi mai ɗan dama, mai farfela. Ko wanne ka zaɓa, ka tambayi mai sayarwa tambaya ɗaya a rubuce: minti nawa famfon nan zai yi yana juya gas zalla a cikakken matsi kafin ya kashe kansa? Ka gwada amsar da abin da masu tsaron rijiya suka faɗa maka.

Mataki na huɗu: kayan da ke kewaye da shi

Sau da yawa ba famfon ne ke ba da kunya ba, tsarin da aka zaunar da shi ciki ne.

Ajiyar ruwa ita ce gaba. Ga mai sukuru, ana tare wani ɓangare na ruwan da ya fita, ko a cikin gangar jikin famfon ko a wani tanki a mafitarsa, a riƙa mayar da shi baki. Kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na abin da famfon ke ɗauka ya isa ya toshe tazara. Amma ruwan da ke ta zagaye ɗumama yake yi a kowane zagaye, don haka girman tankin, ko na'urar sanyaya da aka haɗa masa, shi ke yanke tsawon jurewar. Ka tuna kuma ruwan da aka mayar yana cin gurbin sabon kaya. Ga mai farfela, tanki ake sawa kafin famfon, mai bututu huje-huje a ciki, ya karɓi curin ruwa ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan tare da gas, don kada farfela mai gudu ta ci karo da bangon ruwa.

Sai na'urar sauya gudun inji. Ana ɗaure ta da gejin bakin famfo: matsi ya hau, gudu ya ƙaru, matsi ya sauka, gudu ya ragu. Famfon haɗaka mai gudu ɗaya tak a filin da ke sauyawa kowane wata ɓarnar kuɗi ce.

Sai hanyar ratse mai bawul da ke barin kaya ya wuce gaba kawai. Ranar da wuta ta ɗauke, rijiyoyi su ci gaba da tafiya da ƙarfin kansu. Ta nan ne kuma abin share bututu zai bi, domin ba ya ratsa famfo. Mai sukuru dole ne a sa masa bawul ɗin sakin matsi a mafita. Irin wannan famfo bai san an rufe masa hanya ba, zai yi ta turawa har wani abu ya fashe.

Sil ɗin sanda kuwa, wato abin da ke hana yoyo inda sanda ta ratsa jikin famfo, a mai tagwayen sukuru guda huɗu ne, kuma su suka fi yawan tsayar da aiki. Inda akwai gas mai guba ko matsi mai yawa, a sa sil mai hawa biyu da mai mai tsabta a tsakani, wanda matsinsa ya ɗara na cikin famfo, ta yadda in yoyo ya zo mai tsabtan ne zai shiga ciki. Ƙa'idar API 682, ta cibiyar man fetur ta Amurka, ta yi bayanin waɗannan tsare-tsare, API 676 kuma ta famfunan sukuru ce. In akwai H2S, ƙarfen ya dace da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 15156. In akwai yashi, a sa matarar yashi kafin famfon, a kuma nemi sukuru da bango masu taurin fuska.

Ka leƙa tashar da za ta karɓi kayan ma. Famfo yana kaɗa mai da ruwa su cakuɗe sosai har su ƙi rabuwa da wuri, don haka wataƙila a ƙara maganin raba su, kuma gas ɗin da a da ake ƙonawa a daji yanzu can zai sauka, sai an tanadar masa wuri.

Mataki na biyar: tayarwa

Kafin komai a wanke bututun, a sa rariya ta wucin gadi a bakin famfo. Wanda ya taɓa buɗe irin wannan rariya bayan kwanakin farko ya san abin da ake tararwa: ɓurɓushin walda, guntun ƙarfe, tsakuwa, tsumma, har safar hannu. Ɗaya daga ciki ya isa ya kassara sukurun da aka yi watanni ana jira. A duba daidaiton sandar inji da ta famfo bayan an ɗaure bututu, ba kafin ba, domin nauyin bututu yana jan famfo ya kauce.

Ranar tayarwa, fara da man giya da na boris, sai man sil ya kai matsinsa. Cika famfon da tankinsa da ruwa ko mai. Buɗe mashiga da mafita gaba ɗaya, ka bar hanyar mayar da kaya a buɗe don injin ya tashi ba nauyi. Kunna a mafi ƙarancin gudu, ka tsaya kusa ka saurara, ka duba sil huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka riƙa rufe hanyar mayarwa a hankali kana kallon matsi na hawa a mafita.

A nan ne haƙuri ke da rana. Kowa yana ɗokin ganin ganguna sun ƙaru, amma rijiyar da aka fizge wa matsi farat ɗaya tana iya amayo yashi, ko ta jawo ruwan ƙasa ya rufe man, kuma wannan ɓarna ba kasafai take gyaruwa ba. Sauke bar biyu ko uku, ka jira rijiya ta daidaita, a ɗebi samfur a duba yashi da ruwa, sannan ka ƙara. In abin ya ɗauki kwanaki, ya ɗauka. Kafin a bar famfon shi kaɗai, a gwada kowace kariya da gangan a ga ta kashe injin: zafin mafita, matsin mafita, ƙarancin matsin baki, girgiza, da faɗuwar matsin man sil.

Mataki na shida: karanta shi kullum

A makon farko ka rubuta gudu, matsin baki da na mafita, zafi, wutar da inji ke ja, da girgiza. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙa komawa gare shi. Daga baya, in ka ga mai sukuru yana buƙatar ƙarin gudu don riƙe matsin da a da yake riƙewa cikin sauƙi, alhali rijiyoyi ba su ƙara komai ba, tazara ce ta buɗe, je ka nemi yashi. In zafin mafita yana hawa da sauri, gas zalla ke wucewa, duba ajiyar ruwa ka rage gudu. In wutar mai farfela tana lilo sama da ƙasa, curin ruwa ne ya fi ƙarfin tankin da ke kafin famfon. In tankin man sil yana raguwa fiye da yadda ya saba, sil ya fara tafiya, a shirya canza shi kafin ya zaɓi ranarsa. In matsin baki ya faɗi alhali na rijiya ya hau, rariya ce ta toshe ko kaki ya daskare a layi. Mai mai kaki kuwa, kada a kashe famfo a bar shi ya huce a ciki, a kore shi da dizal ko ruwan zafi tukuna.

Sil, boris, da rariya su kasance a sito tun ranar farko, don kayan nan daga ƙetare suke zuwa kuma ba sa zuwa da wuri. Duk lokacin da za a buɗe famfon, a kashe wuta a sa kwaɗo, a rufe bawul na gaba da na baya, a sauke matsi, a kori gas ɗin da ya maƙale da iskar naitirojin, a auna kafin a kwance noti ko ɗaya. H2S tana warin ruɓaɓɓen ƙwai in kaɗan ce, in ta yi yawa sai ta kashe jin warin, kuma ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ramuka da ƙasan injin, daidai inda makaniki ke durƙusawa. Na'urar gano ta a maƙale a ƙirjin riga take zama, kuma a gwada ta kafin a shiga wurin.